Kafin A Ce "Ya Cika": Abin Da Danna Ƙirji Ke Yi Wa Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya

 

Shekaru kaɗan da suka wuce, a wani masallacin unguwa da ke cikin garin Daura, muna jan sallar La'asar sai muka ji faɗuwar mutum a sahu na biyu. Wani dattijo ne daga cikin waɗanda ba a rasa su a jam'i ya yanke jiki. Muna raka'a ta biyu a lokacin, muka ci gaba har muka sallame, kuma cikin waɗanda ke gefensa babu wanda ya yanke sallarsa. Da aka idar sai jama'a suka rufu a kansa. Wannan ya kawo buta ana yayyafa masa ruwa, wancan yana yi masa fifita da hula, wani yana tofi. Da aka ji yana jan wani numfashi jefi-jefi mai kama da minshari, sai aka ce ai gargara ce, aka shiga laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin a samo mota a isa asibiti an ci kusan rabin sa'a. Likita ya duba ya ce rai ya yi halinsa, aka kai shi makwancinsa kafin Isha'i.

Duk wanda ke wurin nan ya yi abin da ya sani, kuma da ƙauna ya yi shi. Sai daga baya wani ma'aikacin jinya da ke sallah tare da mu, wanda ba ya gari a ranar, ya nuna mana cewa wannan numfashi da muka ɗauka gargara ce, a wurin likitoci alama ce ta cewa zuciya ba ta daɗe da tsayawa ba, kuma lokacin ne aka fi sa ran a dawo da ita. Ba mu ce da an yi wani abu da dattijon ya rayu ba. Ajali na hannun Allah, kuma mafi yawan waɗanda zuciyarsu ta tsaya ba sa tashi ko da an yi musu komai. Amma akwai wani sababi da ke hannunmu a ranar, mu fiye da arba'in, babu ko ɗaya da ya san shi.

Zuciya tsoka ce mai girman dunƙulen hannu, aikinta tura jini zuwa sassan jiki, kuma wani ɗan lantarki da Allah Ya halitta a cikinta ne ke tsara bugawarta. Idan wannan tsari ya rikice, sau da yawa zuciyar ba ta yin shiru nan take, sai ta shiga karkarwa marar amfani, jini ya daina zagayawa. Cikin 'yan sakanni mutum zai fita hayyacinsa ya faɗi. Wannan daban yake da toshewar jijiyar zuciya, inda mutum ke farke yana kukan ciwon ƙirji da gumi, kodayake toshewar na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo tsayawar. Daban yake kuma da suma, domin wanda ya suma yana numfashi daidai kuma yakan farfaɗo da kansa ba da jimawa ba. Hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba, da ciwon siga, da ciwon ƙoda, duk suna share wa tsayawar zuciya hanya. Akwai kuma raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma Arewa maso Yamma na cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya.

Ƙwaƙwalwa ce ba ta da haƙuri. Idan jini ya yanke mata na minti huɗu zuwa shida takan fara lalacewa, bayan minti goma kuwa da wuya a samo ta lafiya. Likitoci sun ƙiyasta cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Mai karatu ya auna wannan da tazarar da ke tsakanin wani ƙauye na Baure ko Zango ko Sandamu da asibitin cikin Daura, balle Katsina da ke nesa da kimanin kilomita 80. Ko a cikin gari ne, neman mai mota da ciccibar mutum da ratsa cunkoso sun isa su cinye mintunan nan gaba ɗaya.

Abin da ake kira farfaɗo da zuciya da numfashi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da CPR, shi ne a mayar da hannun mutum madadin bugun zuciyar ɗan'uwansa. Idan aka danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, jini na fita daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, idan aka saki sai ta sake cika. Jinin da ake turawa ta wannan hanya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na abin da lafiyayyar zuciya ke turawa ba, amma ya isa ya jinkirta mutuwar ƙwaƙwalwa. Idan ana dannawa, raguwar damar tsira kan sauko zuwa kashi 3 ko 4 a minti. Hanyar ba ta daɗe a duniya ba. A shekarar 1960 ne wasu masu bincike uku a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, William Kouwenhoven da James Jude da Guy Knickerbocker, suka wallafa sakamakon gwada ta a kan marasa lafiya 20 a asibiti, 14 suka rayu. Kafin nan sai an tsaga ƙirji an matsa zuciyar da hannu.

Alƙaluman da aka tattara daga baya sun fi wancan girma, kuma sun fi kama da halin da muke ciki, domin sun shafi waɗanda suka faɗi a gida ko a hanya. A ƙasar Suwidin an bi diddigin mutum sama da 30,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti tsakanin 1990 da 2011. Cikin waɗanda aka fara danna wa ƙirji kafin motar asibiti ta iso, kashi 10.5 cikin 100 suna raye bayan kwana 30, cikin waɗanda aka tsaya jira kuwa kashi 4 ne kacal. A Denmak an wajabta koyar da aikin a makarantun firamare a 2005, sannan ga masu neman lasisin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010 yawan waɗanda mutanen gari ke fara taimakawa ya tashi daga kashi 21 zuwa kusan 45, masu kaiwa kwana 30 da rai kuma suka tashi daga kashi 3.5 zuwa 10.8. Ko a waɗannan ƙasashe masu wadatar asibitoci, tara cikin goma na rasuwa. To amma bambancin da ke tsakanin huɗu da goma cikin ɗari mutane ne masu 'ya'ya da iyaye, kuma hannun maƙwabci ne ya kawo mafi yawansa.

Matasanmu masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu. Ranar 12 ga Yunin 2021 ɗan wasan Denmak Christian Eriksen ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finlan a Copenhagen. Nan take aka hau danna masa ƙirji a filin, aka buga masa na'urar lantarki sau ɗaya, zuciyar ta dawo, kuma a farkon 2022 ya koma taka leda. A namu ɓangaren har yau ana tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola, bai tashi ba. Ranar 8 ga Maris na 2020 kuma, a wasan da Katsina United ta je buga wa Nasarawa United a Lafiya, ɗan wasan masu masauki Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi, kafofin yaɗa labarai suka ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, ya rasu. Duk ukun matasa ne masu ƙarfi a jika, wanda ke nuna cewa abin bai keɓanta da tsofaffi ba.

Na'urar da aka buga wa Eriksen tana da muhimmanci, kuma gaskiya ta tilasta a faɗa. Zuciyar da ke karkarwa ba kasafai danna ƙirji kaɗai ke mayar da ita daidai ba, aikinsa shi ne riƙe mutum har na'urar ta iso. Akwai ƙaramarta wadda ba ta fi jakar makaranta girma ba, tana magana tana faɗa wa mai riƙe da ita abin da zai yi, kuma ba ta sakin lantarki sai ta auna ta ga ana buƙata. A ra'ayinmu babban masallacin Juma'a da filin Idi da kasuwa irin ta Mai'adua sun fi buƙatarta a kan ƙarin lasifika ko sabon fenti, kuma mawadacin da ke neman sadaka mai gudana ga wuri nan. Sai dai akwai nau'in tsayawar zuciya da hannu da baki kaɗai ke iya dawo da ita, wato wadda yankewar numfashi ta jawo: yaron da aka tsamo daga kududdufi da damina ko daga madatsar ruwa irin ta Sabke, da wanda abinci ya shaƙe, da wanda aradu ta faɗa wa a gona. Waɗannan kuwa suna aukuwa a karkararmu.

Abin da ke riƙe hannun mutanenmu sau da yawa ba tsoron aikin ba ne, zato ne cewa addini bai yarda ba, ko kuwa an riga an mutu. A nan ne ya kamata ɗaliban ilimi su koma ga littattafan da ke gabansu a zaure. Gaggauta jana'iza sunna ce tabbatacciya, amma bayan an tabbatar da mutuwa. Shehu Khalil a cikin Mukhtasar, da ya ambaci mustahabbancin gaggauta shirya mamaci, sai ya togace wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi kuma suka haɗa da wanda gini ya faɗa wa da wanda ya mutu fuju'a, saboda yiwuwar akwai sauran rai da bai bayyana ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198 kuma ya haɗa alƙalanci da likitanci, ya kawo wannan mas'ala a Bidayatul Mujtahid, har ya ambaci cewa likitocin zamaninsa na ganin a jinkirta binne irin waɗannan har kwana uku. Ba mu kira ga jinkirin kwana uku a yau, domin awon likita ya ɗauke mana wannan wahala. Abin lura shi ne magabata sun gane cewa rashin motsi da rashin numfashi ba su isa hujja ba.

A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan batu a zamanta na uku a birnin Amman na ƙasar Jodan, cikin Oktoban 1986. Ɗaya daga cikin alamomi biyu da ta amince a yanke hukuncin mutuwa da su ita ce zuciya da numfashi su tsaya cak, kuma likitoci su tabbatar cewa tsayawar ba mai dawowa ba ce. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne maƙasudinmu. Wanda ya faɗi minti biyu da suka wuce bai cika shi ba, saboda haka a shari'ance rayayye ne da ke cikin halaka, kuma ceto shi wajibi ne a kan wanda ke kusa. Malikawa sun ma tsananta a nan, domin a wurinsu wanda ya sami ikon kuɓutar da ran da ke shirin halaka ya ƙi, akwai lamuni a kansa. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya.

Haka nan yanke sallah. Malaman mazhabobi ba su yi saɓani ba cewa mai sallah zai yanke ta, ko da farilla ce, domin ceto wanda zai nutse ko makahon da zai faɗa rijiya, saboda sallah ana rama ta. Da mun hararo wannan a ranar da dattijon nan ya faɗi, da mutum biyu na gefensa sun fita daga sahu, mu kuma mun sassauta karatu. Raka'a biyu da tahiya sun kai minti uku, rabin lokacin da ƙwaƙwalwa ke iya jira ke nan.

Wani zai ce ai idan kwana ya ƙare babu mai ƙara shi. Gaskiya ne, amma babu wanda aka nuna wa takardar ajalin wani. Wanda aka danna wa ƙirji ya farfaɗo, dama kwanansa bai ƙare ba, hannun mai dannawar na cikin abin da aka ƙaddara. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya fasa shiga Sham saboda annoba, an yi masa irin wannan ƙorafi, ya nuna cewa barin wuri mai annoba zuwa wuri mai lafiya shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Addu'a da laƙƙana shahada ba sa cin karo da wannan aiki, mutum ɗaya na iya yinsu a kunnen wanda ya faɗi yayin da wani ke kan ƙirjinsa. Abin da ya wajaba a bari shi ne ɗura masa ruwa ko rubutu ko madara a baki, da cusa cokali tsakanin haƙora, da zaunar da shi a jingine. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya.

Mas'alar mace ta fi damunmu. Wani bincike a Amurka da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a bainar jama'a kashi 45 cikin 100 na mazan da suka faɗi ne ake danna wa ƙirji, mata kuwa kashi 39. Idan haka abin yake a can, mai karatu ya san yadda zai kasance a inda kunya da tsoron surutu suka fi ƙarfi. Hukuncin a fili yake: idan akwai mace ko muharrami da ya iya, shi ne a gaba, idan babu, namijin da ke wurin ya yi, domin lalura na halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata. Ba sai an cire mata tufafi kafin a danna ba, sauran jama'a kuma su juya baya ko su yi mata labule da zane. Ya tabbata cewa mata sahabbai sun yi jinyar mazan da aka ji wa rauni a fagen yaƙi. Tun da kuma mafi yawan tsayawar zuciya a cikin gida take aukuwa, wanda zai fara ganin maigida ya faɗi sau da yawa matarsa ce ko 'yarsa, saboda haka islamiyyun matan aure sun fi ko'ina cancantar wannan darasi.

Aikin kansa ba shi da tsawo. A fara duba ko akwai haɗari, kamar wayar lantarki a jikinsa. A girgiza kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, a kalli ƙirjinsa na abin da bai wuce sakan goma ba. In ba ya numfashi, ko kuwa sai wannan jan iska na jefi-jefi, to a ɗauka zuciya ta tsaya, ko da an ga jikinsa ya ɗan fizga kamar mai farfaɗiya. A nuna mutum guda da sunansa a ce ya kira lambar gaggawa ta 112 ya kuma nemo ma'aikacin lafiya mafi kusa da mota, domin in aka ce "a kira wani" kowa zai zaci wani ya tafi. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. A durƙusa a gefensa, a ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki har ƙirjin ya nutsa santimita 5 zuwa 6, a sake shi ya dawo daidai, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowane sakan. Aiki ne mai gajiyarwa, don haka a riƙa karɓa-karɓa duk minti biyu ba tare da an bar tazara ba.

Wanda ya sami horo zai haɗa da hura iska: bayan dannawa 30 a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura sau biyu a baki har ƙirji ya taso. Wanda bai iya ba ko yake ƙyama, ya ci gaba da dannawa kawai, tun 2008 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da hakan ga baligin da ya faɗi kwatsam, saboda akwai sauran iska a jininsa. Ga yaro da wanda ya nutse kuwa hura iskar na da muhimmanci ƙwarai. Yaro ana danna masa da hannu ɗaya, jariri da manyan yatsu biyu, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinsa. Haƙarƙari na iya karyewa, musamman ga tsofaffi, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne. Malamai na kafa hujja da aya ta 91 a Suratut Tauba cewa babu zargi a kan mai kyautatawa. Idan kuma ashe suma ce kawai, mutumin zai motsa ya ture hannun, cutarwar da aka yi masa ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai wuri guda da shawarar littattafan Turai ba ta dace da mu kai tsaye ba. Su suna cewa a tsaya a jira motar asibiti, mu kuwa a wurare da yawa ba za ta zo ba. Abin da ya fi shi ne a fara dannawa nan take a inda ya faɗi, kada a daina don jiran mota. Idan ta samu, a zaɓi wadda za a iya shimfiɗa shi a bayanta a ci gaba da dannawa har ƙofar asibiti, irin a-kori-kura ko bas da aka kwantar da kujerunta. Ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, kamar yadda aka saba, yana nufin ƙwaƙwalwarsa ba za ta sami jini ba tsawon tafiyar. Ya kamata kuma a san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.

Ana dainawa idan ya farfaɗo yana numfashi daidai, sai a juya shi ta gefe a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warke, ko idan ma'aikacin lafiya ya karɓa, ko idan masu yi sun gaji babu mai canji. Ba a fara shi ga wanda jikinsa ya riga ya sandare, kuma tsohon da ya daɗe yana jinyar ajali, wanda likita ya riga ya sanar da iyalinsa, ba shi muke nufi ba, wannan a bar shi ya cika cikin natsuwa.

Karatu kaɗai ba ya koya wa hannu nauyin da ake buƙata, sai an gwada a kan mutum-mutumin roba da ake koyarwa da shi, kuma yini ɗaya ya wadatar. Masarautar Daura ba ta rasa waɗanda za a fara da su ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna tsaye a kowace Juma'a da Idi da wurin tafsirin azumi, da kakinsu da tsarinsu, kuma ƙungiyar Red Cross da ma'aikatan jinya na asibitocinmu suna da wannan ilimi. Kwamitin masallaci na iya gayyato ɗaya daga cikinsu bayan sallar La'asar ta wata Asabar, a haɗa da ladan da na'ibi da direbobin tasha da ɗaliban ajin ƙarshe na islamiyya, sannan a ware wata rana ta daban ga mata, mace ta koya musu.